«Wane Ne Wannan?»: Wasan Gano Shahararren Mutum da Makomar Sunayen Magabata a Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasan da ake ɓoye sunan wani shahararren mutum a ce a gano shi ta hanyar tambayoyi ko alamu. Ta nuna cewa wasan yana da saiwa a cikin kacici-kacici da kirari da alkunyar Bahaushe, ta bayyana yadda dabarar tambayar take aiki, sannan ta daɗe a kan abin da ya fi damun mai maƙalar, wato sunayen da ake zubawa a cikin wasan. An ɗauko misalai daga gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa.

1. Gabatarwa



Wasan da zan yi magana a kansa ba ya buƙatar allo ko ƙwallo ko ko sisi. Mutum ɗaya ya riƙe sunan wani sananne a ransa, sauran su yi ta jefa masa tambaya har su cafke sunan. Ko kuwa a juya: mai wasan ya riƙa sakin alamu ɗaya bayan ɗaya, daga mai duhu zuwa mai haske, wanda ya riga faɗin sunan shi ya ci. Yara na yin sa a farfajiyar lakwal, samari na yin sa a fada kafin shayi ya nuna, masu gabatar da shiri a rediyo na yin sa da masu bugo waya. Sauƙinsa ne ya sa ba a cika ɗaukarsa abin nazari ba. Ni kuwa a ganina ya isa a zauna a kansa, domin duk sunan da aka ɓoye, an ɗauka ke nan masu wasan sun san mai shi. In aka tara sunayen da ke yawo a wasan cikin wani gari, an samu jerin mutanen da garin yake tunawa da su. Wanda ba ya cikin jerin ya kama hanyar ɓacewa, ko da kabarinsa na nan bayan gari.

Na zaɓi Madawa da Buza da Keita saboda yanki ne mai dogon tarihi, kuma yanki ne da ci-rani ke kwashe samarinsa kowace shekara zuwa Nijeriya da Abijan da Libiya. Yaron da mahaifinsa da yayyensa ba sa gida rabin shekara, wa ke ba shi labarin mutanen ƙasarsu? Rediyo da waya da makaranta ne suka gaji wannan aikin, kuma a dukansu ukun ana buga wasan nan.

2. Saiwar wasan a gida

Kowa a nan ya san zaman dare na kacici-kacici, wanda ake buɗewa da ƙulin-ƙulifita. Abin da nake so a lura da shi shi ne hukuncin wanda ya kasa. Ba a barinsa haka nan, sai ya «ba da gari». Mai tambaya yana da ikon ya raina garin da aka ba shi ya nemi wanda ya fi shi, sai ya gamsu sannan ya warware. Ta wannan hanya yaro ɗan Tamaske ko Karofan yake fara jin sunan Katsina da Agadas da Makka, yana kuma koyon wane gari ya fi wane girma, tun bai taka makaranta ba. Ashe tun asali ko faɗuwa a wasan Bahaushe tana tafe da ilimi.

Sai dai kacici-kacicin gargajiya ya fi karkata ga abubuwa: dabba, tsiro, kayan ɗaki, sama da ƙasa. Gano mutum ba tare da an ambaci sunansa ba, wannan a wani wurin Bahaushe ya ƙware a kansa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, suruki ba a kama sunansa. Duk da haka kowa a gidan ya san wa ake nufi, domin ana kewayawa ta laƙabi ko sana'a ko gari. Makaɗi ya buga taken basarake ko na ɗan kokowa, tun bai buɗe baki ba fili ya ɗauka. Maroƙi ya yi kirari, mawaƙin fada ya yi habaici ko zambo ga abokin hamayyar ubangidansa, ya siffanta tafiyarsa da rowarsa da rawaninsa, ya bar wa jama'a su cika sunan a zuci. Al'ummar da ta tashi a haka ba baƙuwa ba ce ga tambayar «wane ne wannan?».

Ta fuskar addini ma hanyar tana da asali. Imamu Buhari ya kawo a Littafin Ilimi na Sahihinsa yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma kunyar manya ta hana shi magana. Buhari ya kafa hujja da wannan a kan halaccin malami ya jefa wa ɗalibai tambaya don ya gwada saninsu. Malaman Islamiyya da ke shirya gasar kacici-kacici a kan sahabbai da annabawa a kan wannan turba suke.

3. Sigogin zamani da yadda dabarar take

Sigar da ta zo mana ta makarantar boko iri biyu ce. Ta farko ita ce ta alamu. Masu kallon TV5 sun san shirin Questions pour un champion, wanda aka fara a Faransa a 1988, inda mai gabatarwa ke karanto bayanin mutum a hankali, maki na raguwa gwargwadon yadda bayanin ke ƙara fitowa fili. Gasar Génies en herbe, wadda ta samo asali a Kanada ta bazu a makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ita ma tana da irin wannan sashe. Ta biyu ita ce ta «e» ko «a'a», wadda Turawa ke kira wasan tambaya ashirin, aka kuma mai da ita shirin rediyo a Amurka a 1946. Jikanta a yau shi ne Akinator, manhajar da wani kamfanin Faransa ya fitar a 2007, wadda ke cikin wayoyin samari da yawa: kai ka riƙe sunan, aljanin da aka zana a fuskar wayar ya yi ta tambayarka har ya faɗe shi.

Babu tsafi a ciki, lissafi ne. Tambayar da ta raba jama'a gida biyu daidai ta zubar da rabi. Tambaya 10 irin wannan ta isa ta fitar da mutum ɗaya daga cikin 1,024, tambaya 20 kuwa daga cikin 1,048,576. Bari mu gwada a nan. Na riƙe suna.

Ɗan Nijar ne? E. Yana raye? A'a. Ya shugabanci ƙasa? E. Soja ne? E.

Tambaya huɗu ke nan, saura mutum biyar a fili: Seyni Kountché, Ali Saibou, Ibrahim Baré Maïnassara, Daouda Malam Wanké da Mamadou Tandja. A nan ake gane gwani. Mai gaggawa zai fara kiran sunaye ɗaya ɗaya, yana iya ɓarnatar da tambaya huɗu. Mai natsuwa zai ce: ya rasu yana kan mulki? A'a. Kountché, wanda ya rasu a 1987, da Baré, wanda aka kashe a 1999, sun fita. Juyin mulki ne ya sauke shi? E. Saura Tandja, wanda aka kifar a watan Fabrairun 2010, wanda kuma dattawan yankin nan suka fi sani a matsayin mai riƙe da jihar Tawa daga 1981 zuwa 1988.

Yaron da ya iya wannan ya koyi abin da ya fi tarihi faɗi: ya koyi rarrabe abubuwa aji aji, ya koyi tambayar da ke rage duhu, ya koyi haƙuri. Ma'aikacin asibiti da ke neman gano cuta da makanikin da ke neman inda mota ta lalace duk haka suke tambaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da malami zai ba wasan minti goma a aji.

Amma a lura da abu ɗaya game da Akinator. In ya kasa, yakan nemi mai wasan ya rubuta masa sunan, ya adana. Iliminsa duka abin da masu wasa suka zuba masa ne. Wanda ba a taɓa shigar da shi ba, ko tambaya dubu aka amsa ba zai fito ba. Kan yaro ma haka yake.

4. Rumbun sunaye

Wasan nan kamar rumbu ne, abin da aka zuba da kaka shi ake ɗiba da rani. To me muka zuba?

Duk wanda ya zauna da samari a fada ya san amsar. Messi da Ronaldo, taurarin finafinan Kano, mawaƙan da ke tashe, sai ƴan siyasa. Ba na ganin laifin yaro don ya san kulob ɗin da ɗan ƙwallo ya buga wa, abin da ake nanata masa dare da rana ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda aka bari a waje. Ga alamu huɗu, a jere daga mai duhu zuwa mai haske, kamar yadda za a karanta su a aji:

Malami ne ni, na rayu a ƙarni na 18, ƙasar Adar ce tushena.

Na sauke farali har sau biyu, na kuma zauna a Agadas.

Wani ɗalibina ya bi ni har Agadas, ya so ya raka ni Makka, amma ya juya gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba.

Ɗalibin nan shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ni kuma a ƙasar Madawa na kwanta dama.

Malam Jibrilu ɗan Umaru ke nan. Ɗalibin tarihi a Sakkwato ko Zariya zai iya cafke shi tun a alama ta uku, domin da wuya a samu littafin tarihin jihadin Shehu da bai ambace shi ba. Ina so kowane malamin makaranta daga Madawa da ke zauren nan ya karanta wa ajinsa waɗannan alamu, ya ƙirga hannu nawa za su tashi. Shi kansa Shehu, wanda aka haifa a 1754, a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Madawa. Yaran da ke wucewa ta hanyar da buhunan albasa ya kamata su san haka.

A koma baya kaɗan, ga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya karɓe Adar daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Farfesa Djibo Hamani ya yi wannan aikin tun 1975 a littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi a yau. Shi ma kansa suna ne da ya dace a ɓoye a wasan. Kayan suna nan a rubuce, abin da ya rage a sauko da su daga kantar laburare zuwa bakin yara.

Shahara kuma ba ta tsaya ga malamai da sarakuna ba. Wanda ya bi kwarin Majiya a ƙasar Buza ya ga layukan dogon yaro da aka dasa don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. An fara aikin a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE, bayan farin da ya gabata, kuma jami'in gandun daji na Buza a lokacin, Daouda Adamou, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar. Manoma na cin amfanin inuwar da itacen har gobe. A Keita kuwa, babban aikin raya karkara da aka fara a 1984, da kuɗin Italiya, da kulawar hukumar FAO, da abincin da hukumar PAM ke biyan ma'aikata da shi, ya farfaɗo da fako da tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa. Sunan Renato Carucci, Ba'italiyen da ya ja ragamar aikin shekaru da dama, yana bakin dattawa.

A nan ne wasan ya nuna gurguntakarsa, kuma ba zan ɓoye ba. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun Keita a ka mata ne, domin maza sun tafi ci-rani. Sun jera dutse a rana, sun haƙa ramuka a gangaren tsauni, da goyo a baya. Wasan gano shahararre ba shi da wurin da zai sa su, domin ba a rubuta sunan ko ɗaya a inda yaro zai gani ba. In aka tambayi aji sunan shahararriyar mace a tarihin Nijar, Sarauniya Mangu ta Lugu za a ji, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, sai wataƙila Nana Asma'u, daga nan sai shiru. Ita ma Sarauniya littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 ne suka ɗaga sunanta ya kai inda ya kai. Wato shahara aiki ce da wani ke yi wa wani. Shugabannin matan da suka jagoranci filayen aikin Keita, waɗansunsu na raye, ƴaƴansu da jikokinsu na nan. A je a tambaya, da yardarsu a rubuta.

Mai shakka zai ce sunan gida ba zai taɓa yin gogayya da na waje ba. Kokowa ta ƙaryata shi. An fara gasar takobi ta ƙasa a nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga lokacin, sunaye irin su Kadade na Tawa, Salma Ɗan Rani da Issaka Issaka na Doso sun zauna a kan yara daram. Ka ɓoye ɗayansu a fada ka ga yadda za a yi rububin amsa, har da shekarar da ya ci da wanda ya kayar. Me ya sa? Domin gasar na dawowa shekara shekara, rediyo da talabijin na watsa ta da Hausa, makaɗa na kiran sunayen, ana gardama a kansu a kasuwa. Nanatawa ce da harshen gida. Babu abin da ya hana a yi wa Malam Jibrilu rabin wannan hidima.

5. Inda ake taka-tsantsan

Akwai wuraren da mai shirya tambaya zai iya yin ɓarna. Na farko, alama dole ta zama tabbatacciya. Tarihin baka yana da ruwayoyi, wannan gari ya ce nan aka yi, wancan ya ce a'a. Abin da ake saɓani a kansa ba a mai da shi tambaya mai amsa ɗaya, domin yaro zai hardace shi a matsayin gaskiyar da ba ta da kishiya, alƙalin gasa kuma ya kayar da wanda ya faɗi abin da kakansa ya gaya masa.

Na biyu, asali. Adar ƙasa ce da Hausawa da Abzinawa da Fulani suka cakuɗa, kuma tabon bauta bai gama warkewa ba, kamar yadda Benedetta Rossi ta nuna a littafinta na 2015 kan wannan yanki. Tambayar da ta taɓa wane ne bawan wane, ko wace zuriya ce ta fi wace, ba wasa ba ce, tana iya raba aji biyu. A tambayi abin da mutum ya aikata. Haka ƴan siyasar da ke raye: a makaranta gara a tsaya ga muƙami da shekara, a bar yabo da suka a waje.

Na uku shi ne wanda ya fi zurfi. Alamu huɗu ba sa ɗaukar mutum. Malam Jibrilu yana da ra'ayi mai tsanani a kan Musulmin da ke aikata manyan zunubai, Shehu kuma ya saɓa masa a rubuce a kan wannan mas'ala, bai kuwa daina girmama shi da ambaton falalarsa a kansa ba. Ɗalibi ya saɓa wa malaminsa da hujja, ladabi bai zube ba: wannan ne abin da ya fi cancanta yaron Madawa ya ɗauka daga labarin, kuma ba ya shiga cikin «e» ko «a'a». Saboda haka nake ba da shawarar a dawo da hukuncin nan na ba da gari, a sabunta shi. Ɓangaren da ya kasa gano sunan, bashinsa shi ne ya je ya tambayo labarin mutumin wurin liman ko kaka ko wani tsohon ma'aikaci, ya kawo wa aji a mako mai zuwa.

Maganar harshe ta zo da sauƙi yanzu. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Gasar da aka saba yi da Faransanci takan auna Faransancin yaro kafin ta auna saninsa. In aka yi ta da Hausa, da Tamajak a inda ake jin ta kamar Azarori da sassan Keita, ɗan makarantar allo da tsohuwar da ke sauraron rediyo a tsakar gida duk sun shigo fili, kuma sau da yawa su ne masu amsar.

Aikin da nake roƙon sashen tarihi na Jami'ar Djibo Hamani da masu duba makarantu na gundumomin uku su ɗauka ba mai tsada ba ne. Kowace ƙaramar hukuma, daga Bangi da Sabon Gida zuwa Allakai da Garhanga da Ibohaman, ta fitar da sunaye goma, a tabbatar akwai mata a ciki, akwai malami, akwai manomi ko maƙeri ko ungozoma da garin ke alfahari da su. Kowane suna a yi masa kati ɗaya: alamu huɗu a gaba, labarin rabin shafi a baya, da sunan wanda ya ba da labarin da garin da aka ji shi. Malaman tarihi su tace, a buga, a raba wa makarantu da gidajen rediyon karkara kafin buɗe makarantu na watan Oktoba.